Ta iya waƙar ABCD har Z, amma ta kasa karanta "baba"

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ummi shekararta biyar da wata huɗu, wannan ce shekararta ta biyu a nazare, kowane zango muna biyan kuɗi, kuma sakamakonta kullum yabo ne. Waƙar ABCD kuwa ko daga barci aka tashe ta sai ta kai Z ba tuntuɓe. To shekaranjiya kakarta ta zo daga Kalgo, ni kuma da rawar jiki na ce bari in nuna wa tsohuwa jikarta ta zama 'yar boko. Na ɗauki gawayi na rubuta "baba" a jikin bango. Yarinyar nan ta duba ta ce "bi, e, bi, e." Na ce to me ke nan? Ta kalli sama, ta sosa kai, can ta ce "ƙwallo." Ashe a littafinsu B tare take da hoton ƙwallo. Kakar ta yi dariya har da hawaye, ta ce a mayar mata da kuɗin makaranta ta sayi tunkiya. Ni dai ban yi dariya ba. Ina so in fara koya mata da kaina a gida. An ce akwai wani abu wai foniks. Ta ina zan kama?

Maman 'Yan Biyu, Zuru: Wa alaikumus salam. Na shimfiɗa tabarma a nan, ciwonmu ɗaya.

Malama, Argungu: Maman Ummi kwantar da hankalinki, yarinyarki lafiyarta ƙalau. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji ɗaya na firamare, kuma kowace shekara sai an kawo mini irinta. An koya mata sunayen haruffa, ba a koya mata sautinsu ba. Harafin b sunansa "bi" a Turanci, amma ba "bi" yake cewa a cikin kalma ba. Ki haɗa leɓɓanki ki sake su, wannan ɗan sautin shi ne aikinsa. Foniks ɗin da ake ta kururutawa ke nan: yaro ya san sautin kowane harafi, sannan ya iya ɗinke su su zama kalma.

Mu kuma Hausawa Allah ya yi mana sauƙi. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Ki fara da su, kwana uku ko huɗu, har ta gane kowanne ko an hargitsa jerin. Sai ki ɗauko baƙi ɗaya. Ni da m nake farawa, saboda ana iya jan sa, mmmm, kamar mai jin daɗin miya. Ki ja shi har ya faɗa cikin wasali: mmma, mmmi, mmmu. Ranar da ta kama ma, ki rubuta shi sau biyu a jere ki yi shiru abinki. Da kanta za ta ce "mama," kuma za ki ga yadda fuskarta za ta yi. Bayan m sai n, l, r, k, s. Da kin kai baƙi shida tana da rana, nama, nono, lemo, kare, suna. Kada zama ya wuce minti goma zuwa sha biyar, amma kullum.

Abu ɗaya: don Allah ki daina ce mata "e" idan kin nuna a. A Hausa a sunansa a.

Baban Walid: Malama, da girmamawa, amma ban yarda a fara da Hausa ba. Da Turanci za ta rubuta jarabawar shiga sakandare, da shi za ta yi WAEC da JAMB. Kuɗi muke kashewa a makarantun kuɗi don yaran nan su kama Turanci tun bakinsu bai yi tauri ba. Hausa ai a nono ta sha, wa zai ƙwace mata? In kika saba mata da ba be bi bo bu, gobe ta ga come ta karanta miki "co-me" kamar sunan wani ƙauye.

Alaramma, Jega: Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya saka ni a zauren nan. Amma da na karanta bayanin Malama sai na yi murmushi, domin abin da take faɗa shi muke yi a makarantar allo tun kaka da kakanni. Yaro yana fara da babbaƙu, a rubuta masa baƙaƙe zalla ba wasali, yana sanin su da sunayensu: ba guje, ha ƙarami, lam jaye, mim ara, alu baƙi. In ya ƙoshi da su sai a shiga farfaru, a ɗora wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri. A nan ne bakinsa ke buɗewa, ya ga ba da wasali bisa ya ce ba, da na ƙasa ya ce bi, da rufu'a ya ce bu. Yanzu Turawa sun sa masa sabon suna an dawo mana da shi a kwali ana sayar mana.

Malama, Argungu: Allah gafarta Malam, gaskiyarka, ni ma farfaru ce ta fara buɗe mini ido kafin boko. Sai dai ka yi mini afuwa in ƙara wani abu. Matsalar Ummi akwai ta a allo ma. Akwai yaron da zai biya maka allonsa tas yana bin rubutu da yatsa, amma kunne ne ya ɗauka, ba ido ba. Ka nuna masa tsakiyar layi ka ce karanta nan, sai ya koma farko ya taho da gudu.

Alaramma, Jega: Haka ne Malama. Shi ya sa malamin kirki yakan tsinci baƙi daga tsakiya ya tambaya. Wanda bai yi haka ba aku yake kiwo.

Malama, Argungu: Baban Walid kuma, ban manta da kai ba, ina tuƙa tuwo ne. Maganar "co-me" gaskiya ce, zai faru, na gani da idona. Harafin c a Hausa shi ne na ciki da cokali, a Turanci kuwa wani lokaci k ne wani lokaci s. Amma duba lissafin. Turanci haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti kusan 44. Harafin a kaɗai, yadda yake a cat daban, a cake daban, a call daban. Ga kalmomi irin su the da one da said waɗanda ba sa bin doka, sai dai a haddace. A Hausa kuwa abin da ka gani shi za ka faɗa, kusan ko'ina. Yaron da ke koyon karatu abu biyu ne a gabansa: ya gane cewa waɗannan zane-zanen magana ce, sannan ya gane me maganar ke nufi. In ya haɗa ru da wa ya ji "ruwa," nan take ya san ya ci, domin ya san ruwa. In ya sha wahala ya haɗa s, a, t ya sami sat, bai san ko ya yi daidai ba, sai ya kalli fuskarka. Dabarar ɗinke sauti sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. In ta zauna da Hausa, da ita zai tsallaka Turanci, saura kawai a nuna masa inda dokokin suka bambanta.

Baban Walid: To ai Walid da Jolly Phonics ya koya kai tsaye, tsarin foniks na Turanci da ke farawa da haruffan s a t i p n, da waƙoƙi da motsin hannu, kuma yanzu yana aji uku yana karanta littafin labari na Turanci. Bai bi ta Hausa ba.

Malama, Argungu: Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira. Tsari ne mai kyau, sauti 42 yake koyarwa, daga Ingila ya fito, kuma an horar da malamai da yawa a kansa a ƙasar nan. Amma in tambaye ka tsakani da Allah: da wane harshe kuke magana da Walid a gida?

Baban Walid: Ni Turanci nake yi masa, mamansa tana haɗawa.

Malama, Argungu: To ka gani. Yana da kalmomin a kunnensa tun kafin ya gan su a takarda. Ummi fa? Kuma ka ba shi wasiƙar Hausa ka gani ko zai karanta wa kakarsa.

Baban Walid: Wannan kuma ban taɓa gwadawa ba.

Tsohon Hedimasta, Gwandu: Ɗiyana, ku bari tsoho ya sa baki. Wagga gardama ta girme ku dut. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa tac ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na garinsu a shekarun farko na firamare. Kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinai sunka fara gwaji a Ife, anka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda, kuma yaran ba su kasa ba ga Turancin. A 2022 gwamnati tac ce harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma anka janye anka ce Turanci. Gobe ma wani na iya zuwa ya sake. Ke Maman Ummi ba minista kike jira ba, gawayinki na hannunki.

Abin da ni gani da idona shi zan faɗi. Mahaifina manomi na, bai taɓa shiga aji ba sai na Yaƙi da Jahilci, da dare, bayan an taso daga fadama. Da ba be bi bo bu anka koya musu. Bai shekara ba yana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda anka fara bugawa Zariya tun 1939, mutane na kewaye da shi ƙofar gida. Tsoho mai furfura ya iya, balle ɗiya mai ɗanyen kai.

Hajiya Mai Atamfa: Sabbin atamfofi da leshi sun iso, masu so su yi mini magana ta gefe.

Admin: Hajiya don Allah, ranar talla Asabar ce.

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Na gode ƙwarai iyayena. Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma. Baban Walid, Turancin ba barinsa za mu yi ba, ai tana yi a makaranta. Na yanke shawara zan gwada na Malama wata ɗaya in gani. Amma ba ni da littafi, me zan saya?

Malama, Argungu: Kada ki sayi komai tukuna. Ki tara murfin lemon kwalba na roba, ki rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, wasula da jan biro, baƙaƙe da baƙi. Ki ajiye m a hagu, a a dama, ki riƙa turo su suna matsowa tana jan sautin har su haɗu. Sai ki cire a ki sa u. Yara suna son abin da za su taɓa da hannu. Ki bar ta ta rubuta a ƙasa da tsinke, ko a faranti da kika zuba gero. Ƙananan haruffa za ki fara da su, su ne suka cika littafi, manyan su biyo baya. Ƙanwata da ke koyarwa a Gusau ta taɓa nuna mini littattafan shirin RANA da UNICEF ta tallafa, wanda aka fara a Zamfara da Katsina, su ma haka suka jera abin: sauti, gaɓa, kalma, sannan ɗan gajeren labari. Labarin nan kada ki raina shi. Ko jimla biyu ce ki rubuta mata da haruffan da ta sani kawai, kamar "Nana na nika." Au, niƙa da ƙugiya ne, bar wannan. "Mama ta sa lalle" ya yi, in kun kai t.

Kuma ki riƙa gwada ta da kalmar da babu ita, kamar "lomu" ko "nisu." In ta karanta, to karatu take ba hadda ba. A Ingila tun 2012 haka suke gwada 'yan shekara shida, kalma 40, rabinsu na ƙarya ne.

Anti Nas, Yauri: Ƙarin bayani daga ɓangarenmu. In yaro yana yawan ciwon kunne, ko kunnen na zubar da ruwa, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, a kai shi a duba kafin a ce masa daƙiƙi. Wannan hanyar gaba ɗaya a kan ji take. Haka wanda ke manna fuska a takarda, a duba idonsa. Sannan a ajiye bulala. Yaron da ke kallon hannunki ba ya kallon allo.

Maman 'Yan Biyu, Zuru: Ni tawa ta fi rikici. A gida C'lela muke yi, a unguwa Hausa, a makaranta Turanci. Da wanne zan fara?

Malama, Argungu: Wanne suke faɗa da shi in sun ɓata da juna?

Maman 'Yan Biyu, Zuru: Hausa wallahi, har da zagin da ban san inda suka samo ba.

Malama, Argungu: To da shi za ki fara.

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Salam. Na dawo da rahoto bayan sati uku. Wasula sun zauna, mun yi m, n, l, r, k, s, t. Ranar da ta karanta "mama" sai da ta zagaya gida tana faɗa wa kowa har awaki. Amma jiya mun yi karo. Na shigo da f, na zana kifi na rubuta sunansa a ƙasa. Ta haɗa ki, fi, daidai, sannan ta ce mini "Inna kin yi kure, wanga kihi na." Na rubuta fara, ta ce ba ta san ta ba, ita hwara ta sani, wadda ake soyawa da yaji. Kakarta na gefe tana zuga ta. Yanzu in ce mata yadda muke magana ba daidai ba ne?

Tsohon Hedimasta, Gwandu: Kul! Kada ki soma, ɗiyata. Yarinya ta yi gaskiya, kihi na. Da anka zo daidaita rubutun boko Hausar Kano anka ɗauka, shi ke nan dalili, ba don tamu ta gaza ba. Da wagga Hausa tamu malamman ƙasag ga sunka yi wa'azi da waƙoƙi cikin ajami tun ba a san boko ba. Ni da ina aji biyu malaminmu ya bugan don na rubuta biyat maimakon biyar, har yau ban yahe mai ba, ko da yake ya riga mu gidan gaskiya, to na yahe.

Baban Walid: Kun ga abin da nake faɗa. Ashe Hausar ma ba "abin da ka gani shi za ka faɗa" ba ce.

Malama, Argungu: Ka samu ɗaya Baban Walid, ban musa ba. Har ma in ƙara maka: rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Amma yaron da Hausa ce bakinsa, yana ganin "miyar kuka" ba zai ɗauka miya ce ke hawaye ba.

Maman Ummi, wannan karon da kika yi, a Argungu kullum sai na yi shi, garin da kowane yaro ya san kihi tun yana goye. Abin da nake ce musu: akwai Hausar gida, akwai Hausar littafi, kamar kayan zaman gida da kayan Sallah, duka naka ne. Mu muna cewa tahi, littafi yana cewa tafi. Ki ma yaba mata, domin ta ji bambancin h da f da kunnenta, wannan shi ne ainihin abin da ake nema. Ki ɗan jinkirta f, ki ci gaba da kalmomin da bakinmu da littafi suka yi daidai: gida, tuwo, rago, wuta, gero. Sannan ki sani f ɗin nan zai sake tare ku a Turanci, inda pan daban fan daban, mu kuwa babu p a jerin baƙaƙenmu.

Alaramma, Jega: Mu ma muna fama da yaro ya raba sin da sad. Kunne ne, sai a hankali.

Maman Ummi, Birnin Kebbi: To masu ƙugiya fa? Kuma tana juya b da d.

Malama, Argungu: Juya b da d ba komai ba ne a shekarunta, kusan kowa ya yi. Mu namu ma huɗu ne masu kama da juna, b, d, ɓ, ɗ. Kada ki koyar da su a sati ɗaya. Ki bar b ta yi kwana goma ita kaɗai kafin d ta shigo. Masu ƙugiya kuma da kalmomi biyu-biyu ake kama su: bari da ɓari, kara da ƙara, kafa da ƙafa. Ki faɗa ta nuna wanda ta ji. In kina rubuta mata a waya ki sa allon rubutu na Hausa, in ba haka ba ƙugiyar ta ɓace ki rikita ta. Masu goyo, sh, ts, ky, gw, ƙw da sauransu, su ne na ƙarshe, ki ce mata haruffa biyu ne amma baki ɗaya suke magana. Daga nan sai gaɓa mai rufi, wato mai ƙarewa da baƙi, irin ta gan-ga da ƙar-fe.  

Baban Walid: Na ba Walid saƙon da kawuna ya turo da Hausa. Ya karanta ciki ya ce "siki." Mamansa tana ta dariya. Malama, murfin kwalba nawa ake bukata?

Malama, Argungu: Kai da ka ce a nono ya sha?

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Jama'a ku taya ni da addu'a, karatu ya jawo mini magana. Wata biyu da rabi ke nan, yanzu ba abin da ke wuce ta: buhun shinkafa, bayan Keke Napep, kwalin magani. Kun san ina sayar da man gyaɗa da ƙuli a gida, kuma ina da ɗan littafin da nake rubuta masu ɗauka kafin su kawo. Yau da hantsi wata maƙwabciyata, babbar mace da nake jin nauyinta, ta shigo muna gaisawa a tsakar gida, ga wasu mata biyu sun zo sayen mai. Ban ankara ba Ummi ta ɗauko littafin daga kan taga, ta zauna a kan turmi, ta sa yatsa, da ƙarfinta: "Gwag-go ta ci ba-shi, kwal-ba u-ku, ba ta bi-ya ba." Har da gw ɗin da ban gama koya mata ba. Tsakar gida ta yi tsit. Baiwar Allah ta ce bari ta je ta duba tukunya, ta fita ko sallama babu.

Tsohon Hedimasta, Gwandu: To ta biya?

Maman Ummi, Birnin Kebbi: Bayan la'asar ta aiko yaro da kuɗin kwalba biyu, Baba. Ta ce a gaya wa malamar gidan saura ɗaya sai ranar kasuwa.

Alaramma, Jega: Ki koma rubuta bashin da ajami, kafin ta zo wurinmu ta gama farfaru kin samu kamar shekara guda.